Shekarar da Na Sa wa Jirgin Yaya Sambo Zarto

Na san abin da aka gaya muku. Tun kuna ƙanana kuke jin cewa ubanku ya ɗauki zarto da rana tsaka ya yanke fiffiken jirgin saman Baffanku Sambo. Wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce karatun Turai ne ya taɓa masa kai. Hadiza ta taɓa dawowa daga wani biki a unguwar Gidan Igwai tana kuka, don wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce ga ɗiyar mai zarto. Ban ce mata komai ba ran nan, kuma ban ce wa ko ɗayanku komai ba tun daga lokacin. Yanzu Baffanku ya rasu, Malam Bitrus mai fenti ma ya rasu, ni kuma idona ya fara gajiya da takarda. Yankan dai na yi shi, ba ƙarya aka yi mini ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka kai ga zarton, kuma shi zan rubuta a nan, har da nawa laifin.

Na dawo Sakkwato ne a lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasa, soja na mulki, kowa na gina bene. Na yi shekaru ina bin aikin jiragen sama, daga Khartum zuwa Faransa, daga nan zuwa wani ƙauye a kudancin Jamus inda ake ƙera ƙananan jirage marasa inji, waɗanda iska kaɗai ke ɗauka. A can na koyi aikin da ya ja mini wannan labari. Ba da ƙarfe suke yin jikin jirgin ba. Wani farin yadi ne da aka saƙa da zaren gilas, sai a shimfiɗa shi a kan soso mai tauri da aka sassaƙa, a shafe shi da wani irin ƙaro, a sake shimfiɗa wani a kai. In ya bushe ya fi katako ƙarfi, kuma bai kai shi nauyi ba. Yaya Sambo kuwa yadi yake sayarwa a kasuwa tun ina goye. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma har na yi furfura ban taɓa zama a kan abin da yake zaune a kai ba. In yana kan kujera ina ƙasa, in yana kan tabarma ina gefenta. Wani abokin cinikinsa ne ya nuna masa hoton irin jirgin da ake sayen kayansa a akwati mutum ya haɗa da kansa, mai ɗaukar mutum biyu. Bai shawarce ni ba sai da akwatunan suka iso siton yadinsa na Tudun Wada. Ya aika aka kira ni, na buɗe na farko, na warware masa farin yadin. Ya murza shi tsakanin yatsu kamar yadda yake murza shadda, ya ɗaga shi ga haske.

"Ladan, wanga shi na jirgin?"

"Shi na, Yaya."

"Yadi na hwa. Ko akoko ya hi shi jiki. Ni da ka saida ma mutane yadi, yau ni anka saida ma yadi in hau sama?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, leburorinsa suna taya shi. Amma ya ce in yi, kuma na ga yadda idonsa ke ƙyalli. Bai taɓa roƙona komai ba kafin wannan.

Wadda ta fara yin tambayar da ta dace ita ce Inna, mahaifiyarmu, da ba ta taɓa shiga ko jirgin ƙasa ba. Tsawa ta kashe ƙanenta a gona tun tana budurwa, don haka da hadari ya taso sai ta shige ɗaki ta rufe kai tana salati. Ina cin tuwo a ƙofar ɗakinta ta tare ni. Ba ta faɗin sunan Yaya, da yake ɗan farinta ne.

"Wanga abu da kaka ɗinka ma wancan babban, in shina sama tsawa tah hwaɗo hwa?"

Na ajiye lomar na yi mata bayani, don a Jamus ma wannan ita ce tambayar da ke hana maƙeran barci. Jirgin ƙarfe in tsawa ta same shi, wutar takan bi bayansa ta zarce ta fita ta wutsiya, na ciki ba su ji komai ba sai ƙara. Shi kuwa yadin gilas wuta ba ta binsa. In ta faɗo ba ta sami hanya a waje ba, sai ta huda ta shiga neman ƙarfe a ciki, kuma ƙarfen da ke ciki shi ne wayoyi, da igiyoyin tuƙi da ke hannun matuƙi, da bakin tankin mai. Na ce mata maganin shi ne a shimfiɗa wata siririyar raga ta jan ƙarfe a can saman fatar jirgin, daga hanci har wutsiya, daga wannan fiffike zuwa wancan, a ɗaure kowane ƙarfe da ita, don wutar ta sami hanyar wucewa. Ta tambaye ni yaya ragar take. Na ce kamar rariyar tankaɗe, sai dai ta fi laushi.

"To ka sa mashi rariyar," in ji ta. "Ko'ina. Kak ka bar wuri."

Ragar ba ta cikin akwatunan, ni na rubuta wa tsohon maigidana a Jamus ya aiko. Wata bakwai na yi a siton nan. A Jamus murhu muke kunnawa don ƙaron ya bushe. A Tudun Wada sai da na riƙa tsoma gwangwaninsa a cikin randa, in ba haka ba kafin in gama shafawa ya daskare a hannuna. Daga sallar asuba zuwa hantsi kaɗai ake iya aiki a bazara. Maɗinka biyu na Yaya su suka riƙa yanka mini yadin, kuma ban ga Bajamushen da ya kai su iya yanka a karkace ba tare da zare ya zame ba. Ƙurar gilas ta shiga fatata, dare da rana ina susa, har mahaifiyarku Asma'u ta ware mini kwanon wanka. Na shimfiɗa ragar da hannuna, taki bayan taki. A bayan fikafikai da wutsiya kuma na dasa wasu 'yan siraran wayoyi kamar tsinken tsintsiya, masu zubar da wutar da jirgi ke tarawa in yana keta gajimare, don kada rediyo ya toshe. Da na gama sai na ɗora mitar awon wuta, waya ɗaya a ƙarshen fiffike, ɗaya a wutsiya. Allura ta tashi ta buga ƙarshe, alamar wuta tana bin ragar daga wannan baki zuwa wancan. Ran nan na yi barci mai daɗi.

Abu biyu Yaya bai so ba. Na farko launi: kore yake so, mai duhu. Na daure na ce masa ƙaron nan in ya sha zafin rana yana yin laushi, kuma jirgi mai duhu a ranar Sakkwato zai yi zafin da ba a iya taɓa shi, dole sai fari. Ya ce to, farar shadda ma ado ce. Na biyu, zanen ragar yana ɗan fitowa ta ƙarƙashin fatar, kamar sawun tabarma a kumatun wanda ya tashi barci. Ya shafa ya ɓata fuska, ya ce mai fenti zai gyara. A nan ya kamata in buɗe baki. Amma na riga na yi masa musu sau ɗaya a wannan makon, kuma ban taɓa yi masa sau biyu a jere ba. Na ce a raina zan gaya wa mai fentin.

Mai fentin shi ne Malam Bitrus. Mutumin tsaunukan Filato ne, Kirista, ya zo Sakkwato tun zamanin Turawa yana fentin motocin gwamnati, daga baya ya buɗe garejinsa layi biyu daga siton. A lokacin ya kai sittin. Duk garin an san in motarka ta fito daga hannunsa za ka iya duba rawaninka a jikin ƙofarta. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa injin jirgin ya maƙale a tashar ruwa ta Legas, sai na je da kaina. Kwana ɗaya kafin tafiyata na je garejinsa da niyyar in ce masa: kada sanfefa, takardar gurzar nan, ta taɓa fatar jirgin nan, shafa ɗaya ta fenti kawai, siririya. Ya shimfiɗa mini buhu, ya aika aka sayo mini lemo, muka gaisa, ya tambayi Inna, na tambayi 'ya'yansa. Ina kallon hannuwansa, duk sun tsattsage da aikin shekara arba'in. Na kasa. Ta yaya zan gaya wa mutumin da ke fenti tun kafin a haife ni yadda zai riƙe sanfefa? Na sha lemona na yi sallama. Sai na yi abin da ake yi a Jamus, inda babban maƙeri ba ya magana, kati yake rubutawa ya manna a jikin aiki, kowa ya karanta ya bi. Na rubuta komai dalla-dalla da Turanci, na ja layi biyu a ƙarƙashin maganar ragar, na manna a bangon sito, na kama hanya ina ganin na sauke nauyi. Ban tsaya na tambayi kaina ko Malam Bitrus yana karanta Turanci ba. Littafinsa na coci da Hausa yake.

Na ce zan yi mako biyu a Legas, na yi bakwai. Ranar da na dawo da injin a bayan babbar mota, tun daga bakin layi na ga mutane a ƙofar sito suna leƙe. Jirgin yana tsaye a tsakiya, fari fat, yana sheƙi kamar tangaran. Ban taɓa ganin mai kyansa ba, ko a Turai. Na ɗora tafin hannuna a kan fiffike, sai na ji babu ko ɗigon sawun raga. Na zagaya baya, 'yan wayoyin nan babu ko ɗaya. Na jira mutane suka ragu, na ɗauko mita na ɗora. Allura ba ta motsa ba. Na canja wuri, na kankare fenti da farce, na sake ɗorawa, tana kwance. A lungun sito inda aka tara shara na ga ƙurar tana ƙyalli ja-ja. Na kunna tocila na sa a ƙarƙashin fiffiken dama, sai ga haske yana ratsowa ta sama a wurare da yawa. Ba ragar kaɗai aka cinye ba, har da yadin da ke ƙarƙashinta, wanda shi ke riƙe nauyin jirgin a sama. Ina tsugune a nan Malam Bitrus ya shigo yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da murna.

"Injiniya, sannu da hanya! Ka ga aiki? Kwana tara ina fama da zanen nan, taurin kai gare shi kamar jaki. Alhaji Sambo ya ce shi ba ya son ganin tabo ko ɗaya, in mai da shi kamar ƙwai. Gashin nan na baya ma na aske masa."

"Baba, ba ka ga takardar da na manna a bango ba?"

"Na gani mana. Na ce lissafin kayanka ne, ban taɓa maka ba."

Na zaunar da shi na yi masa bayanin da na yi wa Inna, wanda da na yi masa shi mako bakwai da suka wuce da bai ɗauke ni minti biyar ba. Yana ji yana kallon tocilar. Da na gama ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, cikin ƙurar.

"Wayyo Allah. Na kashe mutum ke nan, Injiniya?"

"Ba ka kashe kowa ba, Baba. Ka tashi. Kuma kada ka gaya wa kowa, ka bar mini."

Dalilin da ya sa na ce ya yi shiru shi ne Manjo. Wani hafsan soja ne abokin Yaya, ba zan rubuta sunansa ba, shi ya nemo izinin tashi, da wurin ajiya a filin jirgi, da wani matuƙi baƙo da aka yi haya. An san shi a gari. Ya taɓa sa aka yi wa wani makaniki bulala a bakin titi aka kulle shi mako guda a bariki don ya ƙwarzane masa mota. Na auna abin da zai yi wa tsoho baƙo, mai iyali, da ya ɓata jirgin da ya riga ya gayyaci manyansa kallo. Ga shi an sa rana tun ina Legas: Asabar ta sama, da zarar na ɗaura inji. Yaya zai zauna kusa da matuƙi su zagaya gari su wuce Kano. Damina kuma ta fara, kusan kullum da yamma sai gabas ta yi baƙi.

Sau uku na je wurin Yaya a zaurensa bayan la'asar. Na farko na tsuguna na ce jirgin bai shirya ba.

"Mi ya rage?"

"Akwai gyara ga fiffike, Yaya."

"Wa yaɓ ɓata shi?"

"Ni na. Kuskure niy yi."

"Kwana nawa gyaran?"

"Sai an aiko da kaya daga Turai. Wata shida, ko ya hi."

Ya kalle ni kamar yadda yake kallon dillalin da ya kawo masa yadi mai ruwa biyu.

"Ladan, na ga jirgin da idona, ba shi da ko ƙwarzane. Na gaya ma Manjo, na gaya ma 'yan kasuwa, har Kano an sani. In tsoron sa hannu ga takardar tashi kaka yi, Manjo na da mai sa hannu. Kai dai ɗaura inji."

Na biyu na tafi da mita na yi ta maganar allura da awon wuta da kaurin fata, da kalmomin da rabinsu Jamusanci ne a kaina, yana jan carbi yana hamma. Na uku na zauna har aka kira magariba ban ce komai ba sai maganar ruwan da aka yi a ƙauye. A gida mahaifiyarku, wadda ita kaɗai na gaya wa gaskiya, ta ajiye mini abinci da ƙarfi har miya ta zube.

"Malam, ka iya harshe biyar. Cikin su babu wanda aka cewa ‘Yaya, mutuwa za ka yi’?"

"Ba a ce ma Yaya haka, Asma'u."

"To a ce mashi mi? Allah shi kiyaye hanya?"

Inna kuma da na shiga gaishe ta ta riƙe mini hannu ta ce, ka dai sa rariyar ko? Na ce na sa, Inna. Ban yi ƙarya ba, amma ban iya cin abincinta ba ran nan.

Na ɗaura injin, don ban san yadda zan ƙi ba. Ranar Alhamis aka ce gobe motar soja za ta zo ta ɗauki jirgin zuwa fili. Na yi sallar azahar a masallacin layi, na biya wurin wani kafinta na ari zarto, na shiga sito na bar ƙofa a buɗe. Ban ɓoye ba, kuma ban yi fushi ba. Gajiya ce kawai ta ishe ni. Na sa zarton a gindin fiffiken dama, daidai kan ƙashin da ke riƙe shi, inda na san ba mai iya liƙewa ya rufe da fenti. Gilas yana cin haƙoran zarto, don haka aikin ya daɗe. Ƙarar ta jawo leburori, ta jawo masu goro da masu shayi, suka cika ƙofa. Na hango Malam Bitrus a bayansu, hularsa a hannu. Wata bakwai na yi ina gina fiffiken nan, na san kowane ninki da ke cikinsa, kuma ina jin zarton yana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Da ya saki ya faɗi ƙasa sai ga Yaya, wani ya riga ya kai masa labari a kasuwa. Mutane suka buɗe masa hanya. Ya dubi fiffiken, ya dubi hannuwana da suka yi fari da ƙura.

"Ka gama?"

"Na gama, Yaya."

"To."

Ya juya ya fita. Wannan "to" ita ce kalma ta ƙarshe da ya yi mini har shekara goma sha ɗaya.

Na ji daga baya Manjo ya so ya turo a kama ni, Yaya ya ce ƙanena na, a bar shi. Asabar ɗin da aka sa kuwa, tun safe har dare ko ɗigon gajimare babu a sama. Na zauna a tsakar gida ina kallonta. Har yau ban san ko da sun tashi da sun isa Kano lafiya ba. Wataƙila da sun isa, ran nan da wasu ranaku da yawa. Ba ni da wata hujja da zan nuna muku sai guntun fiffiken da ke cikin kabad ɗina. Zaman garin ya gagare ni, don duk inda na bi ana nuna ni. Na karɓi aiki a Yamai, daga nan Jidda, daga nan Duwala, ina gyara jiragen wasu mutane, ku kuma kuna girma rabi a nan rabi a can, kuna canja makaranta da harshe. Inna ta rasu ina Jidda. Da na zo gaisuwa Yaya ya ba ni hannu yana kallon wani wuri. Duk shekarun nan abu ɗaya nake riƙe da shi in na kwanta: na ceci ran yayana, na kuma rufa wa tsoho asiri. Da shi na yi ta lallashin kaina.

Bayan na dawo na zauna a unguwar Minanata mun koma gaisawa a wurin suna da jana'iza, gaisuwa kawai. Sai a ciwonsa na ƙarshe ya aiko babban ɗansa ya ce in zo. Na same shi a kan gado, ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Na zauna a ƙasa kamar kullum. Ya sa kowa ya fita.

"Ladan, kana tsammanin ban san abin da yas sami ragar ba?"

Na ɗaga kai.

"Bitrus ya zaka gidan ga washegari da sassahe, tun ban karya ba. Yad durƙusa cikin zaure shina kuka, yah hwaɗa mani komi. Nib ba shi goro nic ce shi koma bakin aikinshi. Manjo bai taɓa ji ba. Ni nic ce a goge zanen, wa zan kama?"

"To Yaya, in ka sani, shekara goma sha ɗaya…"

"Ba don jirgi ba na. Jirgi yadi na, na ga yadi ya ƙone ya hi wannan." Ya tsaya ya huta, numfashinsa yana ƙara. "Sau ukku kaz zaka gabana. Kana ta allura, kana ta ruwan ƙauye. Ba ka ce, Yaya, kai kas sa anka ɓata shi, in ka hau mutuwa za ka yi ba. Baƙo, wanda ba addininmu ɗaya ba, shi ya iya duban idona ya hwaɗi. Kai da nig goya, ka ga ban kai a gaya mani gaskiya ba. Bitrus ka ba shi takarda, ni ka ba ni zarto gaban masu goro. Bakinka hwa, ina kab bar shi?"

Na ce da na faɗa, da ka ji?

"Ban sani ba," in ji shi. "Wataƙila da na mare ka. Amma da ka bari na gwada."

Wannan shi ne abin da nake so ku sani. In an sake ce muku 'ya'yan mai zarto, kada ku yi faɗa, gaskiya ce. Sai dai ba hassada ba ce, ba kuma jarunta ba ce kamar yadda na daɗe ina gaya wa kaina. Ladabi na ɗauka nake yi, ga Malam Bitrus da ga Yaya, alhali tsoron buɗe baki ne, kuma ya ci mini jirgi da uwa da shekarun ƙuruciyarku. Guntun fiffiken yana nan a kabad, a ƙarƙashin takardun aikina. In kun duba bakin yankan da kyau za ku ga 'yan ɗigo-ɗigo ja a gefe ɗaya, inda sanfefa ba ta kai ba.

Ran nan da na yunƙura zan yi masa sallama na fara ba shi haƙuri daga inda nake zaune, murya ƙasa-ƙasa kamar yadda na saba. Ya girgiza kai, ya daki katifa a gefensa da tafin hannu.

"Taso ka zauna nan. Ƙasa ta yi nisa, ba ni jin ka."

Na tashi na zauna a bakin gadon, ina da shekara sittin da uku, na sake faɗa da ƙarfi.